Daren da Ake Kiran Sunayen Waɗanda Ba Za Su Amsa Ba



Yau ƙasar Ayalan za mu je, tsibirin nan da ke yamma da Birtaniya, kuma a watan Nuwamba za mu sauka, lokacin da rana kan faɗi tun ƙarfe biyar ba ta yi ba, ga yayyafi ga sanyi mai ratsa ƙashi. A irin wannan dare, idan ka biyo ta wani ƙauye ka tarar motoci sun cika harabar filin wasa amma fitilun filin a kashe, to, leƙa zauren kulob ɗin. An jera kujeru. An shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, an ɗora rigar wasan kulob da ƙwallo da sandar wasa a gefe guda. Limamin coci ya iso. Sakatare ya miƙe da takarda a hannu yana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, kuma duk sunan da ya kira, sai wani daga cikin dangi ya taso ya kunna kyandir, ya koma ya zauna. Babu mai amsawa. Masu sunayen duk sun riga mu gidan gaskiya.

Wannan shi ne taron tunawa da mamatan kulob, wanda ƙungiyoyin wasa na ƙauyuka da unguwanni a Ayalan suke yi shekara-shekara. Da yawansu a Nuwamba suke yinsa, domin a wajen mabiya ɗariƙar Katolika, waɗanda su ne mafi rinjaye a ƙasar, wata ne na yi wa matattu addu'a, har ma ranar 2 ga watan an keɓe ta don haka. Abin da ya ja hankalina a wannan al'ada shi ne takardar nan da ke hannun sakatare. Su wane ne a ciki, kuma su wane ne aka manta ba a rubuta ba?

Kafin mu karanta takardar, bari mu san irin kulob ɗin da ake magana a kansa, don ya sha bamban da wanda muka saba gani a talabijin. A ranar 1 ga Nuwamba, 1884, wasu 'yan tsirarun mutane suka zauna a otal ɗin Hayes da ke garin Thurles, bisa kiran wani malamin makaranta mai suna Michael Cusack, suka kafa ƙungiyar da aka fi sani da GAA. Lokacin Ayalan tana ƙarƙashin mulkin Birtaniya, wasannin Ingila suna neman shafe na gargajiya. Sai suka tashi haiƙan don raya nasu. Akwai hurling, dangin ƙwallon gora, da ake yi da sandar itace mai faffaɗan kai da 'yar ƙwallon fata da ba ta wuce dunƙulen hannu ba. Akwai kuma ƙwallon ƙafarsu ta gida, wadda ake shura da ƙafa a kuma cafe da hannu, mutum 15 a kowane ɓangare. Yau akwai kulob fiye da 2,200 a gundumomi 32 na tsibirin, kudu da arewa.

Abu biyu ne suka riƙe wannan gida. Na farko, ba a biyan ɗan wasa albashi. Wanda zai fito gaban mutum dubu 82 a filin Croke Park na birnin Dablin ranar Lahadi, cikin makon nan za ka same shi a aji yana koyarwa, ko a gona yana tatsar shanu. Na biyu, inda aka haife ka ko inda kake zaune, can za ka yi wasa. Galibi kowane yankin da coci ɗaya ke kula da shi, kamar a ce ƙasar dagaci guda, yana da kulob ɗinsa. Ba a sayen ɗan wasa, ba a sayar da shi. Idan ƙaura ta kama mutum yana iya sauya kulob, shi ma da sharuɗɗa. Saboda haka rigar da kaka ya sa ita uba zai sa, ita jika zai gada, kuma ita za a shimfiɗa a kan akwatin gawar kowannensu.

To, mu koma ga takardar sakatare. Za ka ji sunan gwarzon da ya ci wa ƙauyen kofi shekara 50 da suka wuce. Amma kafin ka ji irinsa ɗaya, ka ji goma waɗanda ba su taɓa jefa ƙwallo a raga ba. Akwai tsohon da ke yanke ciyawar fili ya ja farin layi tun da asuba ranar wasa. Akwai wanda ya yi shekara 30 a bakin ƙofa yana karɓar kuɗin shiga, ruwan sama yana dukansa, ko rabin wasan bai taɓa gani ba. Akwai matar da ake jibge wa riguna 20 masu laka duk Lahadi da dare, ta wanke ta shanya ta ninke kafin Talata. Akwai mai motar da ke cusa yara bakwai a baya ya kai su wasa ƙauyen da ke gaba da man fetur na aljihunsa. Akwai ma'ajin da ya bi gida-gida da tikiti har aka sayi filin. Har da wanda bai riƙe kowane muƙami ba, aikinsa kawai ya jingina da shinge yana yi wa alƙalin wasa ihu, shi ma sunansa yana ciki, kuma idan aka kira shi sai ka ji 'yar dariya ƙasa-ƙasa ta ratsa zauren.

Ku saurari abin da kan faru ranar da ɗaya daga cikin waɗannan ya cika. Kafin gari ya waye labari ya zaga. A sauke tutar kulob zuwa rabin sanda. A ɗage atisaye, wani lokaci har da wasan da aka shirya. A karkara har yanzu akan ajiye gawa a gida kwana ɗaya ko biyu, jama'a su yi ta tururuwa suna gaisuwa, ana shan shayi ana ba da labaran mamaci. To, wa zai tsaya a kan 'yar siririyar hanyar ƙauye da tocila cikin dare yana nuna wa baƙi inda za su ajiye mota? 'Yan kulob ne, sanye da riguna masu ƙyalli. Kujeru da manyan butocin shayi daga zauren kulob ake kwaso su. A wasu ƙauyukan maƙwabta ne suke haƙa kabari da hannunsu, kuma ƙarfafan da ke riƙe da shebur su ne dai waɗanda ke tsaron baya ranar Lahadi. Ranar jana'iza kuwa, sai su yi sahu biyu a gefen hanya, yara da manya, kowa da rigar kulob, motar gawa ta ratsa tsakaninsu. Wani lokaci akan bi da ita ta bakin filin wasa, a tsaya jim kaɗan kafin a wuce maƙabarta. A wasa na gaba, kafin alƙali ya jefa ƙwallo sama a fara, kowa zai tsaya cik na minti ɗaya. Bayan wata guda a yi addu'ar cika wata, kusan yadda mu muke da sadakar arba'in. A ƙarshen sanarwar kulob kuma za ka ga addu'ar da suke yi da harshensu na asali, Ar dheis Dé go raibh a anam, wato Allah ya sa ransa ya kasance a hannun damansa.

Ni a ganina, wannan shi ne albashin. Mutum ya yi shekara 40 yana wa kulob bauta ba ko sisin kwabo, ba wasiƙar yabo, wani lokaci ma sai gunaguni idan layin da ya ja ya karkace. Ranar jana'izarsa ake biyansa gaba ɗaya, kuma iyalinsa ne suke karɓa. Matar da ta sha faɗa da mijinta a kan ya fi zama a fili fiye da gida, ranar ce za ta leƙo ta tagar mota ta ga samari 60 a tsaye cikin ruwan sama, kawunansu a sunkuye. Sai ta san inda shekarun suka tafi. Yaron da ke cikin sahun nan mai shekara 12, wanda sanyi ke kaɗa wa gwiwa, shi ma yana karatu ba tare da an ce masa komai ba. Ya ga abin da ake yi wa mai yanke ciyawa. Da wannan ake samun wanda zai karɓi injin yankan ciyawar a gaba.

Tunda a rediyo muke, bari in ɗan ratse. A gidajen rediyon yankuna na Ayalan, irin su Midwest Radio a gundumar Mayo da Highland Radio a Donegal, sanarwar rasuwa tana cikin abubuwan da jama'a ba sa yarda su wuce su. Ana karanta ta fiye da sau ɗaya a rana: sunan mamaci, ƙauyensu, inda za a yi gaisuwa, lokacin binnewa. Duk wanda ya taɓa ganin tsoho ya ce wa yara su yi shiru don an fara sanarwa, ya san wannan yanayi ba sai an yi masa bayani ba.

Bayan kyandir da sahu, sai suna. A Ayalan da wuya ka ga kofi ko fili da ba ya ɗauke da sunan wani mamaci. Gasar 'yan ƙasa da shekara 12 a ƙauye ma kofin tunawa da wane ce, kuma jikarsa ce za ta zo ta miƙa shi. Amma a nan ne zan fara saka ayar tambaya. Kofin da ya fi kowanne daraja a ƙwallon ƙafarsu, wanda gundumomi ke kashe kansu a kai kowace shekara, sunansa Sam Maguire. Shi wannan bawan Allah mutumin Dunmanway ne a gundumar Cork, ɗan ɗariƙar Furotesta a cikin ƙungiyar da kusan kowa Katolika ne. Ya yi aikin gidan waya a Landan, ya yi wasa a can, ya shugabanci reshen ƙungiyar na Landan, ya shiga gwagwarmayar neman 'yanci. Da aka sami 'yancin ya dawo gida, aka ba shi aikin gwamnati, ba a jima ba aka sallame shi. Tarin fuka ya kashe shi a 1927, cikin talauci. Shekara ɗaya bayan haka, a 1928, aka fara miƙa ƙaton kofin azurfa da abokansa suka haɗa kuɗi aka ƙera da sunansa. Yau yaron goye a Ayalan ya san Sam. Ni dai duk lokacin da na ga an ɗaga kofin nan sama, sai in ce ina ma kuɗin azurfar ya iso tun mai sunan yana tari.

Labarin da ya fi nuna yadda tunawa kan yi zaɓe shi ne na ranar Lahadi, 21 ga Nuwamba, 1920. Ana tsakiyar yaƙin neman 'yanci. Da safiyar ranar, mayaƙan neman 'yanci na Michael Collins suka kashe mutum fiye da goma a Dablin, waɗanda suke zargi jami'an leƙen asirin Birtaniya ne. Da rana kuma ana wasan ƙwallo tsakanin Dablin da Tipperary a Croke Park, sai 'yan sandan gwamnatin Birtaniya suka shigo suka buɗe wa 'yan kallo wuta. Mutum 14 suka mutu. Ɗaya daga cikinsu ɗan wasan Tipperary ne, Michael Hogan, mai shekara 24. Cikin 'yan shekaru aka raɗa wa babbar rumfar 'yan kallo sunansa, kuma har gobe a matakalar rumfar Hogan ake miƙa wa zakaru kofi. Sunansa bai taɓa ɓata ba.

Sauran 13 ɗin fa? 'Yan kallo ne, magoya baya, talakawan birni. Uku yara ne: Jerome O'Leary mai shekara 10, William Robinson mai 11, da John William Scott mai 14. Mace ɗaya ce a cikinsu, Jane Boyle, wadda ta zo kallo tare da saurayinta, saura kwana biyar a ɗaura musu aure. Da rigar amarcinta aka binne ta. Kabarinta a maƙabartar Glasnevin ya zauna ba dutse ba suna har shekara 95. Ba ita kaɗai ba, da dama daga cikin mamatan ranar haka suka kwanta. Kowace shekara ana ambaton ranar a jawabai, ana cewa mutum 14, amma in ka tambayi mai jawabin ya lissafo su, daga Hogan sai ya tsaya. Sai da wani ɗan jarida, Michael Foley, ya bi diddiginsu ya fitar da littafi mai suna The Bloodied Field a 2014, sannan hukumar GAA ta haɗa kai da dangi aka fara kafa duwatsun. Na Jane Boyle aka fara da shi a Nuwamban 2015, aikin ya ci gaba har 2019.

Da shekara 100 ta cika, a 2020, annobar korona ta rufe ƙasar. A wannan shekara an kai matsayin da mutum 10 kaɗai aka yarda su halarci jana'iza, abin da ya yi wa mutanen Ayalan ciwo ƙwarai, har suka koma tsayawa a bakin hanya nesa-nesa da juna don motar gawa ta wuce ta gabansu. Haka aka yi taron tunawar a Croke Park, kujeru dubu 82 ba kowa. Aka kunna wuta 14, aka kira sunaye 14, ba a tsallake ko ɗaya ba, shugaban ƙasa na lokacin Michael D. Higgins ya ajiye furanni. Washegari Tipperary ta fito wasan ƙarshe na lardin Munster sanye da farar riga mai koren ɗamara, irin wadda Hogan ya mutu a cikinta, ta doke Cork, ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1935. Mutanen Tipperary ba za su yarda ka ce musu dace ne kawai ba, ni kuma ba zan yi gardama da su ba.

Akwai kuma irin tunawar da na fi girmamawa, wadda kan tashi daga zaure ta kama aiki. A ranar 2 ga Maris, 2004, Cormac McAnallen, kyaftin ɗin gundumar Tyrone, malamin makaranta, ya kwanta barci bai tashi ba. Shekararsa 24, watanni kaɗan bayan sun ci kofin ƙasa. Ciwon zuciya ne da ba wanda ya san yana ɗauke da shi. Iyalinsa suka kafa gidauniya da sunansa, suka dage wajen raba na'urar farfaɗo da bugun zuciya ga kulob-kulob da koya wa mutane aiki da ita. Yau idan ka ga akwatin wannan na'ura a manne a bangon zauren kulob na ƙauye, rasuwar Cormac tana cikin dalilan zuwansa wurin. A ranar 5 ga Agusta, 2022 kuma, Dillon Quirke na kulob ɗin Clonoulty-Rossmore ya faɗi ana tsakiyar wasa a filin Semple, a garin Thurles ɗin nan da aka kafa ƙungiyar. Shi ma shekararsa 24. Gidauniyar da aka kafa da sunansa tana biyan kuɗin gwajin zuciya ga matasa 'yan wasa, don a gano ciwon tun bai kayar da yaro a fili ba. Mu da muka ga yadda Sam Okwaraji ya faɗi a filin wasa na Legas a 1989, mun san irin shirun da kan biyo bayan wannan faɗuwa.

Ga kuma na 'yan ci-rani. Ayalan ƙasa ce da ta daɗe tana fitar da 'ya'yanta, tun yunwar da ta fara a 1845, wadda ta kashe kusan mutum miliyan ɗaya ta kori wani miliyan ɗin. Har yau matasa na tafiya Amurka da Ostireliya da Kanada, kuma akwai kulob na GAA fiye da 400 a wajen tsibirin. A Yunin 2013 mota ta kaɗe wani saurayi ɗan garin Newry mai suna Kevin Bell a birnin Niyok. Cikin 'yan kwanaki mutanen garinsu suka tara kuɗin dawo da gawarsa, har ya yi rara mai yawa. Iyayensa suka ce rarar ta zama ta duk wanda irin wannan ta faɗa wa. Gidauniyar da ta fito daga nan ta dawo da gawa fiye da dubu gida, kuma kulob-kulob na ƙauyuka suna cikin masu tara mata kuɗi da wasannin tunawa da tattaki.

A arewacin tsibirin, wanda har yanzu yake ƙarƙashin Birtaniya, takardar sakatare tana da nauyi na daban. Rikicin shekara 30 da aka kawo ƙarshensa da yarjejeniyar 1998 ya ci rayuka kusan 3,500, kuma kasancewa ɗan GAA kaɗai ya isa ya sa a yi maka alama. A Fabrairun 1988 wani soja ya harbe Aidan McAnespie jim kaɗan bayan ya wuce shingen bincike a Aughnacloy, yana tafiya filin wasan kulob ɗinsu. Sai a 2022, bayan shekara 34, kotu ta sami sojan da laifi. A daren 12 ga Mayu, 1997 kuwa, Sean Brown, shugaban kulob ɗin Bellaghy, dattijo mai shekara 61, ya tsaya kulle ƙofar fili bayan kowa ya watse. A nan 'yan bindiga masu goyon bayan zama da Birtaniya suka sace shi suka kashe shi. Ku lura da aikin da yake yi a lokacin: kulle ƙofa, irin aikin nan da ba mai gani. Filin yanzu sunansa yake ɗauke da shi. Har yau ba wanda aka hukunta, kuma iyalinsa suna ta shiga kotu suna neman a yi bincike a bainar jama'a. A Bellaghy, kiran sunan Sean Brown a taron shekara addu'a ce, kuma ƙara ce da ba a janye ba.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, dole a faɗi ɗaya gefen. Akwai kulob da kofuna da ke ɗauke da sunayen mutanen da suka ɗauki makami a rikicin. Misalin da aka fi kawowa shi ne kulob ɗin hurling na Dungiven, mai sunan Kevin Lynch, ɗan wata ƙungiyar 'yan bindiga da ya mutu a yajin cin abinci a kurkuku a 1981. Mutanen garinsu suna cewa ɗan wasansu suke tunawa, wanda ya jagoranci yaran gundumar Derry suka ci kofi. Maƙwabcinsu ɗan Furotesta, wanda wataƙila ya binne ɗan'uwansa a rikicin, yana ganin sunan a kan allo sai ya ce wannan gida ba nasa ba ne, ba kuma zai kai ɗansa ba. Ban ga yadda za a ce ɗayansu ƙarya yake yi ba. Abin da na gani shi ne, sunan da ke tara wasu yana iya zama shingen da ke tare wasu, kuma ƙungiyar da ke cewa ƙofarta a buɗe take ga kowa ba za ta iya kawar da kai daga wannan ba.

Amma jana'iza ɗaya ta nuna abin da kan yiwu. Har zuwa 2001, dokar GAA ta hana ɗan sandan arewa ko sojan Birtaniya zama mamba. Shekara 10 bayan soke dokar, a Afrilun 2011, masu adawa da sulhu suka ɗana bam a motar wani matashin ɗan sanda Katolika mai suna Ronan Kerr a garin Omagh. Ɗan kulob ɗin Beragh ne. Ranar jana'izarsa, 'yan kulob da rigunansu da 'yan sanda da kakinsu suka yi sahu tare, suka riƙa karɓar akwatin gawar daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Shekara 15 kafin nan, da ka faɗi haka za a yi, da an ce ka zautu.

Saura mata, kuma a nan takardar tana da giɓi babba. Na ce muku sunan mai wankin riguna yana shiga jerin daren Nuwamba, haka ne. Amma fita waje ka duba allunan filaye da gindin kofuna. Cikin manyan filayen gundumomi, mai sunan mace da kowa kan nuna shi ne Markievicz Park na Sligo, mai sunan Constance Markievicz, ita ma don siyasa da gwagwarmaya aka san ta. Abin dariya abin takaici, kofin ƙasa na ƙwallon ƙafar mata sunan namiji gare shi, Brendan Martin. Na camogie, wato hurling na mata, shi ma na namiji ne, O'Duffy. Mutanen kirki ne da suka yi wa wasan mata hidima, ba wanda ya musa. Amma shekara fiye da 100 mata suna dafa shayin, suna wankin, suna renon 'yan wasan, a ce azurfa ta ƙare kafin a zo kansu?

Ƙasar ma tana sauyawa a ƙarƙashin ƙafar al'adar. Masu zuwa coci sun ragu sosai, limaman sun tsufa sun yi ƙaranci, har wasu kulob ɗin sun koma yin taron da kansu, da kyandir da kiran suna kawai. Baƙi kuma sun shigo. A garin Ballyhaunis na Mayo akwai masallaci tun 1987, kuma wani yaron garin Ballaghaderreen haifaffen Pakistan, Shairoze Akram, ya ci kofin ƙasa na 'yan ƙasa da shekara 21 da Mayo a 2016. Ba makawa wata rana sakatare zai kira sunan wani Muhammad ko wata Fatima a daren Nuwamba, kuma sai an san yadda za a yi taron ya ɗauki danginsu su ma. A ƙauyukan gaɓar yamma kuwa matsalar ta fi haka tsanani. Matasa sun tafi birni, yara sun yi kaɗan, har kulob biyu ko uku da suka yi shekara 100 suna hamayya sukan haɗa yaransu kafin su cika 15. Idan haɗewar ta zama ta dindindin, launin wa za a sa, filin wa za a rufe, kuma wa zai riƙe takardar kulob ɗin da ya shuɗe? Jane Boyle a tsakiyar babban birni take, a gaban dubban shaidu ta faɗi, duk da haka sunanta ya yi shekara 95 a ƙasa. Mai yanke ciyawar ƙauyen da makarantarsa ta rufe ba shi da ɗan jaridar da zai zo nemansa.

Mai sauraro, idan kana cikin wata ƙungiya, ta ƙwallo ce ko ta dambe ko ta unguwa, tambayi sakatarenku ko akwai littafin da aka rubuta sunayen waɗanda suka rasu, har da masu ɗebo ruwa da masu share fili. Idan babu, littafin rubutu ba shi da tsada, kuma dattijon da ya san sunayen yana nan da ransa yau. Ku je ku same shi cikin makon nan.